Muryar Ɗan Taure a Gidan Makoki

Ranar da Ilu Gambarawa ya rasu, har masu shayi sai da suka rage ƙarar rediyo. Shi ne mai shirin gaishe-gaishe na safe, mutumin da zai gai da kai, ya gai da iyalinka, ya tambayi ƙafar tsohuwarka da ke ciwo, alhali ko ƙofar gidanku bai taɓa gani ba. Manya da wannan suka san shi. Yara kuwa sun san shi da Ɗan Taure, wani bunsuru sarkin kwaɗayi a katun ɗin talabijin, mai 'yar siririyar murya da ke rawa a ƙarshen kowace magana kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Ilu ne ke yin muryar, kowa kuma ya ɗauka shi ya ƙirƙiro ta.

Basira kam Allah ya ba Ilu, amma muryar ta yayansa ce, Malam Maiwada mai wankin hula. Dogon dattijo ne kamili, ga gemu tubarkalla, in yana zaune shiru sai ka rantse alƙali ne. Allah dai ya haɗa shi da wannan murya tun yana ƙarami. Ilu ya taso yana kwaikwayonta a tsakar gida yana shan duka, ya girma ya kai ta talabijin ana tafa masa. Tun daga nan Malam Maiwada ya koma magana da ka da hannu. Jan sallah ma a masallacin layinsu ya haƙura da shi, tun ranar da ya tayar da kabbara sahun baya ya watse da dariya. 'Yan unguwa duk sun san zancen, sun kuma rufa masa asiri.

Bai taɓa riƙe ƙanen nasa a zuci ba. Yana son Ilu ƙwarai, rasuwar kuma ta doke shi fiye da yadda ya zata. Abu ɗaya ya ƙudurta a ransa: ba za a yi dariya a makokin nan ba. Mutum ya ƙare rayuwarsa ana ƙyaƙyata masa, a bar shi mana ya sami addu'a cikin natsuwa. To ga shi shi ne babba a gidan, shi ake zuwa yi wa gaisuwa. Sai ya zaunar da maƙwabcinsa, Malam Barau, a gefen damansa. In an ce "Ya haƙuri?" Malam Maiwada ya sunkuyar da kai ya dafa ƙirji, Malam Barau ya amsa, "Da godiya." Baƙi suka riƙa tafiya suna cewa bawan Allah baƙin ciki ya hana shi ko buɗe baki, shi kuwa bai ƙaryata kowa ba.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon waina, sai ga motar gidan rediyo ta tsaya. Sabon manaja ne ya fito, baƙo a garin, ya sha babbar riga da tabarau, wani ɗan jarida na biye da shi da rikoda a hannu. Aka yi addu'a aka shafa. Maimakon ya tashi, Manaja ya gyara zama ya fara jawabi.

"Jama'a, mun yi rashi. Murya irin ta marigayi ta tafi ke nan. Ni na faɗa muku, kunnuwanmu ba za su ƙara jin irinta ba har abada."

'Yan unguwa suka duƙufa kallon tabarma. Malam Barau ya ce, "Allahu akbar," a hankali.

Manaja ya juya ga Malam Maiwada. "Baba, an ce kai ne yayansa. Muna haɗa shiri na musamman don tunawa da shi. Ka ɗan ce wani abu a ɗauka."

Malam Maiwada ya dafa ƙirji, ya nuna Malam Barau.

"A'a Baba, na jini muke so. Ko kalma biyu ce. Ya za a yi a ce duk gari sun yi magana a kan Ilu ban da ɗan'uwansa?"

Wannan ta shige shi. Ya dubi rikodar da aka kara masa a baki, ya dubi jama'a, ya ga babu wanda zai cece shi. Ya yi gyaran murya, idonsa ya ciko da ƙwalla ta gaske.

"Allah ya jiƙan Ilu, ya sa ya huta. Yaro ne mai zumunci."

Ƙarshen maganar ya yi rawar nan irin ta Ɗan Taure. Ɗan jarida ya cusa bakin rigarsa a baki, kafaɗunsa na girgiza. Wani tsoho ya miƙe wai tari ya sarƙe shi, ya zagaya bayan mota, daga can aka ji abin da ba tari ba. Manaja kuwa ya zare tabarau, fuskar nan a murtuke.

"Haba Baba! A gidan mutuwa? Da gemunka da komai ka zauna kana kwaikwayon mamaci? Mu ma muna son Ɗan Taure, amma nan ba wurin wasa ba ne. Don Allah a sake ɗauka, ka yi mana da muryarka ta Allah da Annabi."

Malam Maiwada ya share ƙwallarsa da hannun riga, ya dube shi.

"Yallaɓai, ita ke nan, ba ni da wata a ɗaki. In dole sai ɗayanmu ya canza, ku je ku sami bunsurun naku, ni na riga shi fara magana."