Galan Biyu a Zauren Malam Sada

"Lafiya lau, ya gajiya? Au, ashe da ƙafafu nake gaisawa. Ina mai su ya tafi?"

Malam Sada bai ko motsa ba. Yana kwance a kan buhu ƙarƙashin tsohuwar Fijo 504 ɗinsa, a inuwar dalbejiyar ƙofar gidansa a Daura. Ya dai gane muryar. Laraba ce, ɗiyar gwaggonsa, taubashiyarsa mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda tun suna yara bakinta bai taɓa barinsa ya sarara ba.

Tun hantsi yake fama da juyen man giya. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yau ya kai shi har azahar ta gota. Bayansa ya ƙage, noti ya suɓuce masa ya daɗe yana lalube a ƙasa. Amma ba bayan ne damuwarsa ba, idanun ne. Sun fara yana, komai kamar ta cikin leda yake ganinsa. Babban ɗansa Munzali ya yi magiya har ya gaji a kan ya ajiye tuƙi a yi masa aikin ido. Shi kuwa tsohon direba ya kafe: jibi da hannunsa zai kai iyalin gidan bikin suna a Sandamu, kowa ya gani ya kama bakinsa.

"Mai su yana aiki," ya ce daga ƙasa. "Ba kowa ne ya gaji yawon gidajen mutane da rana tsaka ba."

"Aiki? Na ɗauka wankan gawa kake yi. Sada, motar nan fa ta girmi haƙoran bakinka."

"Ta dai girmi naki, tunda ba su fi na jinjiri yawa ba. Ranar da na sayo ta, tiren ƙuli kika yar a tasha kika biyo ta da gudu."

"Na biyo ka ne in gaya maka ƙofa ɗaya ta faɗi a hanya."

"Kowa ya daɗe ya ga daɗau. A cikinta fa aka kai ki filin jirgi za ki Makka. Tun daga ranar gefen da kika zauna bai sake miƙewa ba."

"Albarka ce ta danne shi. Ban da ni, da tuni 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli."

Malam Sada ya yi tsaki. "Faɗi gaskiya, Munzali ne ya turo ki."

"Ni Munzali zai aika, yaron da na goya? Na zo duba bawana ne, in ga ko yana da sauran numfashi."

"Bawa? Da me aka saye ni, da tunkuza? To tunda Allah ya jefo ki, yi amfani ko sau ɗaya a duniya. Na gaji da shiga da fita. Ga mazurari nan da tiyo na zuro ta wajen inji, ga galan kusa da taya, na zuba rabi. Tsiyaya sauran a hankali, in na ce tsaya ki tsaya."

Ya ji ta ɗaga galan. Ya jira mai ya gangaro, bai gangaro ba. Shiru. Tunda yake da Laraba bai taɓa jin ta yi shiru ba sai in tana salla.

"Sada, me ka ce ka zuba?"

"Man giya mana. Mai kyau, daga Kano aka kawo mini."

"A ina ka ɗauko shi?"

"A zaure. Yau kuma alƙali kika koma?"

"Fito."

Sai da ya yi nishi ya kama taya kafin ya iya jawo jikinsa waje. Laraba ta miƙo masa galan har gaban hanci.

"Ka ga jan tsumman nan da ke ɗaure a hannunsa? Yagen ɗankwalina ne. Man gyaɗar da na aiko wa matarka jiya ke nan, na toye-toyen suna. Naka yana can zaure, ko murfinsa ba a taɓa ba."

Ya dangwala yatsa ya kai baki. Gyaɗa ce zalla, har da ƙamshin suya. Kunya ta rufe shi, amma namiji ba ya faɗuwa a gaban taubashiya da bugu ɗaya.

"Da gangan na yi. Wankin ciki nake mata. Tsohuwar mota tana son maiƙo, ke ina kika san sirrin Fijo?"

"To jefa mata ƙullu da albasa. Kafin ku isa Sandamu ƙosan suna ya soyu."

"Laifinki ne ma. Wa ya ce ki riƙa ɗura mai a galan irin na mota?"

"Laifi tudu ne. Naka da rubutu manya-manya, nawa da jan ƙyalle kamar tuta. Ko akuyar gidanku ta bambance su."

Ya zauna a kan buhun, ya jingina da ƙofar motar. Laraba ta ajiye galan, ta zauna a dakali, ta sassauta murya.

"Yau galan ne, Sada, asararsa ba ta wuce ƙosai ba. Jibi a hanyar Sandamu yaron wani ne zai gilma, ga mata da jikoki cike da mota. 'Ya'yanka suna jin nauyinka, ni kuwa ban taɓa ji ba. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Tun yaushe idanun suka fara?"

Ya murza yatsunsa masu maiƙo. Ya gaji da ɓoyo fiye da yadda ya gaji da aikin.

"Tun bara. Yanzu haka ko fuskarki ba na gani sosai." Ya numfasa. "Ita kaɗai ce ribar ciwon."

"Ka ji ɗan banza. Ana jiyyarsa yana cizo."

Ya shafa jikin motar. Ita ta ciyar da gidan nan, ita ta kai Munzali makaranta, kuma ya san ranar da mukullin ya shiga hannun yaron, ranar dillali zai zo. Abin da yake tsoro ke nan. Ya laluba aljihu ya zaro mukullin, ya miƙa wa Laraba.

"Ungo. Ke za ki riƙe, ba Munzali ba. Shi sayarwa zai yi, ke kuwa ko ramin da ake zura shi ba ki sani ba. Ki ce masa ya nemo mota ta kai su sunan. Ki kuma ce masa ya yi magana da likitan ido."

Ta karɓa, ta ƙulle shi tamau a haɓar zani. "Ranar da ka tsaya nan ka karanta mini rubutun galan yana zaure, ranar zan kwance shi. Kuma ni zan raka ka asibiti. Ana cire maka bandeji, ni za ka fara gani."

"Ke? To ku bar mini yanata, na gode."

Laraba ta kwashe da dariya, shi ma ya biye mata, har ruwa ya gangaro masa a kumatu, bai kuwa yi gaggawar sharewa ba.

"Kin ci gari, Laraba," ya ce. "Miƙo mini kwanon nan in juye miki manki."