Sai Lasma Ta Sake Shi

"Horas, uwar ɗakina. Har yanzu ba a samu mai tsautsayin da zai kwashe ki ba?"

"Horas, ɗan mace. Ku da aikinku wanke-wanke ne a bikin gidanmu, yaushe kuka fara gaisuwa a tsaye?"

Ina cikin rumfata ina tace kofi na ji wannan gaisuwa, ko kai ban ɗaga ba na san su wane ne. Binsar ne ya sauko daga jirgin ruwan safe na Parapat, da takalmi mai ƙyalli da kwandon abinci a lulluɓe. Lasma kuwa tana cikin kwalekwalenta mai inji, wanda take yawo da baƙi a kan tafkin Toba, tana kwarfe ruwa. Uban Lasma da uwar Binsar ciki ɗaya suka fito. A nan Tuktuk irin waɗannan taubasai miji da mata ne tun daga zanin goyo, sai fa in an warware. Su biyun nan kuwa abin da ya haɗa su tun suna yara shi ne tsiya. Ni na goye su duka, na san abin da nake faɗa.

Abin da ya kawo shi kowa a bakin gaɓa ya sani, don mu nan magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Ya samu yarinya a Jakarta, 'yar tsibirin Jawa, sunanta Sekar, tana tafe da mahaifinta a jirgin rana su ga dangi. Namiji a wurinmu ba ya auren bare sai ya kai wa kawunsa abinci ya nemi a sake shi. Kawun kuwa, wato uban Lasma, tsohon nan mai taurin kai, ya aika masa cewa shi ba shi da ta cewa, ya je ya tambayi Lasma, in ta sake shi ya saku. In ba ta sake shi ba, baƙinsa za su tarar da ƙofar gidan kawu a rufe, kuma irin wannan kunya ko ruwan tafkin duka ba ya wanke ta.

Ya zauna a bencina ya ce, "Inang," wato uwa a harshenmu, "a ba ni kofi," ya shiga kewaye-kewaye. Ya yabi fentin kwalekwalen, ya tambayi lafiyar ɓaunar gida. Lasma ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya fito da abin da ke bakinsa, ta ga yana masa nauyi. Ya faɗa mata.

"Na ji labari," in ji ta. "An ce kyakkyawa ce. Da rana ta gan ka kuwa?"

"Da rana tsaka. Cewa ta yi ba ta taɓa ganin namiji irina ba."

"Gaskiya ta faɗa, mu ma ba mu taɓa gani ba. Allah sarki, ga kyau ga ciwon ido."

"Ke da kifi ke nutsewa ƙasa in kin leƙa ruwa?"

"Girmamawa ce. Kifi ya fi ka tarbiyya."

Daga nan ta kafa masa sharaɗi. Ta ce ba za ta saki kayanta haka kawai ba, sai ta ji inda zai kai baƙin nan, kada a je Jawa a ce taubashinta ya kawo mutane tsibirinmu na Samosir ya rasa abin nuna musu sai hancinsa. Binsar ya gyara zama, shi a dole ɗan gari. Ya ce da farko Ambarita, su ga kujerun dutse inda magabata ke yanke hukunci.

"Madalla. Ka nuna wa surukinka kujerar mai laifi, ka ce masa ta gado ce, ta danginku na wajen uba."

"Zan kuma nuna masa faffaɗan dutsen da ke gefe, in ce a nan aka wasa harshenki."

"Daga nan sai ina?"

"Tomok. Su ga mutum-mutumin katakon nan mai rawa."

"To kada ka tsaya kusa da shi, kada yarinya ta rikice ta tafi gida da shi. Ko da yake ba ta yi asara ba. Shi ya iya rawa, ba ya kuma cin abinci."

"Ai shi igiya ake ja masa ta baya."

"Kai taka a hannun wa take yau?"

Wannan ta shige shi. Ya kurɓi kofi da zafinsa ya ƙona harshe, na kau da kai don kada ya ga dariyata. Da ya farfaɗo ya ce zai kai su wanka a ruwan zafin Pangururan. Ta ce dabara ce mai kyau, warin ruɓaɓɓen ƙwan da ke wurin zai rufa masa asiri. Ya rama da cewa an ba shi labarin ranar da ta shiga ruwan nan, sai da ya huce don tsoro. Ya ce zai ciyar da su kifi mai yajin andaliman. Ta ce wannan kam ta yarda, yajin zai kashe wa uban yarinyar harshe ya kasa cewa ya fasa.

"Sai kuma Sipiso-piso," in ji shi, "su ga ruwa yana zubowa daga kan dutse."

"Da wannan tumbin? Sauka kyauta ce, Binsar, hawan ne ake biya. Wa ya goyo ka daga ƙasan matakalar nan kana kuka kana kiran uwarka?"

"Ƙaya ce ta soke ni. Kuma ina yaro."

"Ni ma yarinya ce, kuma ka girme ni."

"Da yamma kuma," ya ce da sauri don a bar wancan zance, "in ɗauke ta a kwalekwale mu ga faɗuwar rana."

"Kwalekwalen wa? Ɗan Samosir da bai iya iyo ba! Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ɗan mace. In ka kife, sai dai 'yar Jawa ta tsamo ka."

Ni dai ina jin su, amma idona yana wani wuri. Yatsun Lasma sun yi ɗorawa da kurkum har farce, kuma ƙarƙashin kujerar kwalekwalen akwai wata tukunya naɗe da zane, tana ta kare ta da ƙafa. Mai zuwa aikin baƙi ba ta zuwa da tukunya. Na ci gaba da tace kofina.

Ana cikin haka jirgin rana ya yi kuka daga tsakiyar tafki. Nan take wasa ya fita daga fuskar Binsar. Ya dubi jirgin, ya dubi kwandonsa da ko ƙofar kawu bai kai ba. Sai ya tashi ya je bakin katako, ya durƙusa da wandonsa mai guga a kan jiƙaƙƙen allo. Tausayinsa ya kama ni, don na tuna uwarsa, wadda ba ta ga wannan rana ba.

"Lasma, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Uban yarinyar nan ya baro garinsa saboda maganata. Kada ki bari ya koma yana cewa ba ni da kowa. Ki sake ni, don Allah."

Ita ma ta ajiye kwanon kwarfar ruwa. Ta ce ba haka ake yi ba. Ya faɗa da bakinsa, da ƙarfi, a gabana, cewa ba zai aure ta ba. Ya ce shi ba zai iya faɗa wa 'yar kawunsa wannan a fuska ba. Ta ce to su zauna, ita ba ta da sauri. Jirgi ya sake kuka, yanzu har ana gane fuskokin mutane.

"Ba zan aure ki ba, Lasma," ya ce.

"Inang, kin ji?"

Na ce na ji.

Ta miƙe tsaye cikin kwalekwale ta ɗaga hannu sama. A gaban jirgin akwai Parlin, mai kula da inji, riƙe da igiyar ɗaurewa, ya zuba mata ido tun daga nesa. Yana ganin hannun nan ya miƙa wa na kusa da shi igiya, ya kurma ihu, ya faɗa tafki da kayan jikinsa. Fasinjoji suka yi caa. Binsar ya buɗe baki ya ce wannan kuma me ya same shi.

Ni na ba shi amsa, don cikina ya daɗe da cika. Na gaya masa cewa uwarsa tana kan gadon mutuwa ta sa ɗan'uwanta ya yi mata alkawari: ba zai saurari mai neman Lasma ba sai Binsar ya ce ba ya so da bakinsa. Shekara da shekaru Parlin yana kai mangwaron neman aure gidan su Lasma yana komawa da abinsa. Lasma kuwa ta rantse ba wanda zai gaya wa Binsar, ita ba za ta roƙi ɗan mace ba ko za ta tsufa a kwalekwale.

Binsar ya tashi a hankali, ya kakkaɓe gwiwa. Na ga tsohuwar tsiyar nan ta dawo masa ido.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," ya ce. "Ashe ke ma a ɗaure kike, kika sa ni durƙuso a kan ruwa. To na janye. Ina son ki, uwar ɗakina. Gobe ma a kai mu coci."

"Bakin alƙalami ya bushe. Inang shaida ce."

Na ce ni fa kwanan nan kunnena ya yi nauyi, iskar tafki ce, ban tabbatar da abin da na ji ba. Ta juyo ta harare ni. Ta dubi Parlin yana iyo yana haki yana nufo mu, ta dubi Binsar da ya naɗe hannu a ƙirji, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafe gefen kwalekwale.

"Ku biyun nan Allah ya isa," ta ce, tana share ido. Ta jawo tukunyar ta kwance zanen. Kifi ne guda, ba a yanka shi ba, ya sha kurkum da yaji, irin wanda kawu ke miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa idan ya sa masa albarka. "Tun asuba na dafa shi, sakarai. Baba yana gida ya shimfiɗa tabarma, ƙofa a buɗe take. Na sake ka, kai ma ka sake ni."

Ya karɓi tukunyar da hannu biyu, ya tsaya yana kallon kifin. Da ƙyar ya ce ya sake ta. Ta ce gobe ita za ta tuƙa su, ta kai su duk inda ya lissafa, ta ruwa da ta tudu, ba sai ya kunyata Samosir ba.

A saman jirgi wata siririyar yarinya tana ɗaga masa hannu, wani dattijo a gefenta. Binsar ya ɗauki kwando a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan, ya yi taku biyu ya waiwayo.

"Har da goyo a hawan Sipiso-piso?"

"Wannan kuma aikin 'yar Jawa ne yanzu," in ji Lasma. "Ni na sauke."