Takwaran da Minista Ya Shigo da Shi

Idan ana maganar waɗanda suka fitar da Girka daga matsin tattalin arziki, zalunci ne a tsallake Kiriyos Haralambos na ƙauyenmu. Tsohon akawun gidan waya ne, amma Ministan Fitar da Kaya muke ce masa, yana kuma amsawa. Kayan da ya fitar guda ɗaya ne tak: ɗansa Sotiris, injiniya a Jamus.

Shekarar da bankuna suka rufe ƙofa, ya raka yaron filin jirgi yana kuka har da majina. Wannan ɓangaren ya ɓace daga tarihi. Abin da ya saura shi ne jawabinsa na kullum a shagon kofin Nikolas, yana kaɗa carbin wasa.

"Jama'a, ƙasa ta farfaɗo! Motar da Bajamushe ke hawa, ƙwaƙwalwar wa ke cikinta? Tawa! Ni na hango, ni na tura!"

Mu kuwa sai mu gyaɗa kai, don dukkanmu ƙananan ministoci ne. Kowa na da ɗa a Munich ko 'ya a Melbourne, kowa na ɗaga waya yana nuna hoton kicin ɗin da bai taɓa cin abinci a ciki ba. Makarantar ƙauye ta zama ma'ajiyar man zaitun. Likita yakan zo in ya tuna da mu. Amma mun farfaɗo, a hoto.

Nikolas kaɗai ba ya ɗaga waya. Ɗansa tilo ya ƙi tafiya, ya kama tuƙin babbar mota ba hutu, har ta kife da shi a hanyar dutse. Minista yakan dafa kafaɗarsa da tausayi ya ce, "Hangen nesa baiwa ce, Nikolas. Ba kowa Allah ya ba ba." Nikolas ya ci gaba da goge tebur.

Sai aka haifa wa Minista jika. A wurinmu jikan fari sunan kakansa na wajen uba yake ɗauka, kuma dattijon da aka hana wannan, sunansa tare da shi za a binne. Kafin baftisma ba a kiran yaro da komai sai "jariri". Haka Sotiris ya yi ta kiransa da suka iso a watan Agusta, yana kallon takalmansa.

Minista bai lura ba, aiki ya yi masa yawa. Ya sa an gasa raguna, ya ɗauko makaɗa daga birni, ya sayi kwat mai ruwan toka.

"Haralambos na Biyu!" in ji shi a ƙofar coci. "Jamusawa za su koyi faɗinsa, ko harshensu zai karye!"

Muka yi tafi. Wasunmu har da hawaye.

Fada Yerasimos ya naɗe hannun riga, ya dubi uban baftisma, wani abokin aikin Sotiris, wanda a al'ada shi ke faɗin suna. "Sunan yaro?"

"Klaus."

"Na'am?"

"Klaus, Fada. Sunan mahaifin matar Sotiris ne."

Carbin Minista ya faɗi a kan marmara. Sotiris ya matso yana raɗa, amma cocinmu ba ta riƙe sirri. "Baba, ka yi haƙuri. Sunanka ba ya shiga bakinsu. Ni kaina Sam suke ce mini a ofis."

Fada ya shafa gemu. "Klaus... Ba ni da waliyyi Klaus, kuma ba ma baftisma sai da sunan waliyyi. Af! Ai Nikolaos namu ne suka gutsure masa kai." Ya ɗaga yaron ya tsoma a ruwa. "Ana yi wa bawan Allah Nikolaos baftisma!"

Coci gaba ɗaya ta waiwaya, don cikakken sunan mai shagon kofi ke nan. Nikolas na tsaye a layin ƙarshe, inda yake tsayawa tun ranar jana'izar ɗansa.

A wurin walima Minista ya miƙe da kofi a hannu, zai yi jawabi, ya fasa, ya zauna. Uwar jaririn ta ji labarin Nikolas da ɗansa, ta kai wa mai shagon kofi takwaransa. Ya karɓe shi da hannu biyu, ya daɗe bai mayar ba. Sannan ya ratso tsakanin tebura ya dafa kafaɗar kwat mai ruwan toka.

"Hangen nesa baiwa ce, Minista. Ka fitar da ɗa, ka shigo mini da takwara. Yau kam na yarda, ƙasa ta farfaɗo."