Wutsiyar Nagoma a Gaban Majalisa

A wani daji da ke bakin fadama, akwai babbar makaranta a gindin kuka wadda kowane ɗan dabba yake burin shiga. Al'adarsu kuwa ita ce mai neman gurbi ya tsaya gaban majalisar malamai ya faɗi bajintarsa da bakinsa, kafin Kunkuru magatakarda ya gama tauna ganyen rama. Da ya haɗiye, magana ta ƙare.

Wanda ya rasa sukuni a daminar nan shi ne Nagoma, wani saurayin kwaɗo. Bajintarsa ta kwanan nan ba ta taka kara ta karya ba, don a gasar tsalle bai wuce kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma gurgu ne. Amma can yana ƙarami, kafin ƙafafu su fito masa, ya ci lambar wutsiya mafi kyau a duk kududdufinsu. Matsalar ita ce wutsiyar ta ɓace tuntuni, yadda ta kowane kwaɗo take ɓacewa.

Ya faɗa ko ya bari? Ya shiga ruwa ya fito, ya koma, ya sake fitowa. Ƙuda ya gifta ta gaban hancinsa bai ko kula ba.

Innarsa Kululu ta ce, "Ka faɗa mana! Ni na sha wahalar gyaran wutsiyar nan. Ranar da ka ci, har daga ƙetaren fadama aka zo mini barka. Don ta tafi sai a ce ba a yi ta ba?"

Kawunsa Burduddugi ya ce, "Haba Yaya, ki bar yaron nan ya faɗi abin da yake da shi yau. In suka ce ya juya fa?"

Aka kai maganar wurin Hawainiya, gwanar ba da shawara kan shiga makaranta. Ta dubi Kululu ta yi kore, ta dubi Burduddugi ta yi ruwan ƙasa, ta ce lallai dukansu suna da gaskiya. Nagoma ya dawo gida ya fi da ruɗewa.

Ranar majalisa, Zaki ne shugaba. An ba shi kujerar ne saboda haƙoransa, ko da yake an daɗe kunu kaɗai ake dama masa. Gefensa Gaggafa, shugabar sashen hangen nesa, tana gaida kututture tana zaton baƙo ne.

Nagoma ya fara da tsalle. Aka yi ta hamma. Ya saci kallon Kunkuru ya ga ganyen ya kusa ƙarewa, sai tsoro ya kama shi, ya ce da ƙarfi, "Kuma na taɓa cin lambar wutsiya!"

Ƙadangare, sabon malami mai rawar kai, ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ya juya mu gani. Ni a ganina, daga yau duk wanda ya zo da yabo a wurin nan, ya nuna mana abin da aka yaba."

Zaki ya kai hannu ya rufe bakinsa, kuma ta bayan hannun ya yi jawabi. "Malam Ƙadangare, kai sabo ne. Wannan majalisa ba ta taɓa tozarta tarihi ba, kuma ba za ta fara a zamanina ba. Yabo in an yi shi ya zauna. Wanda ya ce sai an duba, rashin ladabi ke damunsa. Yaro, an ɗauke ka."

Kululu ta rangaɗa guɗa. Nagoma ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, sai da Kunkuru ya haɗiye ya yi sanarwa: an tura shi sashen iyo da wutsiya, kuma shi ne zai wakilci makaranta a gasar ƙarshen damina.

Tun daga ranar, kullum da safe kafin ya shiga aji, sai ya waiga.