Kallamu Ya Nemo Ɗan'uwan Inji

A garin Tudun Gawo an yi wani mutum, Kallamu, yana zaune da mahaifiyarsa, Iya Tabawa. Magana yadda ta shiga kunnensa haka yake ɗaukarta. Marigayi babansa shi ke hawan tsohon injin yankan ciyawa na filin ƙwallon garin, irin mai kujera da sitiyari. Tun da ya rasu injin ya tsaya. Damina ta sauka, ciyawa ta kai ƙugu, 'yan kwamitin fili suka ce in bai tashi ba za su sayar wa 'yan gwangwan. Kallamu ya kasa cin abinci.

Wata rana ya kirawo Oga Ɗanlami makanike. Oga ya leƙa ciki ya ce, "Wannan tsohon yayi ne. Nemo littafin da ya zo da shi." Kallamu ya wuni a shagunan littattafai na birni, yana ɗaga kowane littafi yana jin nauyinsa. Ya dawo ya ce, "Oga, ƙarya aka yi maka. Babu littafin da zai iya zuwa da inji. Babbansu ko taya ba zai ɗauka ba."

Wata rana Oga ya ce, "Bel ɗinsa ya tsinke, a samo wani." Kallamu ya buɗe adakar Iya, ya ɗauko bel ɗin wandon babansa. "Ga shi, na Baba ne. Sun saba da juna." Oga ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Wata rana Oga ya dawo daga kasuwar kayan gyara hannu Rabbana. "An daina yin kayansa. Sai dai a samo ɗan'uwansa."

Kallamu bai nufi kasuwa ba. Ya bi tsofaffi gida gida, yadda ake neman dangin mara lafiya. "Baba, ko kun san 'yan'uwan injinmu? Yana kwance, jiki ya yi tsanani." Wasu suka yi dariya. Baba Jatau, tsohon mai kula da lambun makarantar noma, bai yi ba. "Na san shi. Mota ɗaya ta kawo su, shi da nawa. Nawa yana rumfa, ƙafafunsa sun mutu."

"Wane kaya kake so a ciro?" in ji tsohon.

"Ciro? Dubiya zai je."

Haka Kallamu ya ɗoro injin Baba Jatau ɗungum a kan amalanke. Oga ya riƙe kai. "Bel kawai nake nema, Kallamu!" Amma da ya kwance injin garin sai ya tarar cikinsa duk ya cinye, bel ba zai tashe shi ba. Na baƙon kuwa lafiya lau. Ya haɗa su suka zama ɗaya.

Ranar da injin ya ratsa fili, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya tashi, Kallamu ya ce, "Baba Jatau, wanne ne ya warke, wanne ya rasu? Ban san gaisuwar da zan yi ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon injin. "Yi musu barka kawai, ɗana. Duk su biyun ne ke tafiya."