Katin Gargaɗi Ɗaya Tak

Da aka fitar da jerin waɗanda suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai, sai ga abokan hamayyarmu 'yan unguwar Danau Kota a ciki, mu 'yan unguwar Bukit Jalil a waje. Makinmu ɗaya da su, ƙwallayenmu ɗaya! Nan take basirata ta gano maƙarƙashiyar: shugaban kwamiti, Malam Sabi'u, ai a Danau Kota yake zaune.

Na kwashi 'yan ƙungiyarmu har shagon abincin da ake kira mamak, inda yake shan shayi, na zuba jawabin da ya sa mai soya gurasar roti ya ajiye aiki.

"Malam, wannan son kai ne! A nuna mana doka!"

Ya ajiye kofi a hankali. "Boleh, ba matsala, ƙanena. In an yi kunnen doki, katin gargaɗi ake dubawa. Su ba su da ko ɗaya, ku kuna da ɗaya."

"Wane shashasha ne ya karɓo mana?"

Kyaftin ɗinmu ya dafa kafaɗata. "Kai ne, ranar da ka tuɓe riga kana murnar ƙwallon da aka soke."

Har yau ko jarabawa na ci, sai su riƙe min riga: "Tsaya mana lah, alƙali bai tabbatar ba."