Rasuwar Uwar Ƙorafi, Mai Gadin Zare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Abdulbaqi na Fadaman Mada, malamin zane a wata sakandare a nan Bauchi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar sensar firintarsa, wadda aka fi sani da Uwar Ƙorafi. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a kan teburin falo, bayan doguwar jinya da yanzu aka gano ba ita ce mai ciwon ba.

Ga waɗanda Allah bai haɗa su da marigayiyar ba, firintar Malam ba ta takarda ba ce. Irin wadda ke narka zaren roba ce, tana ɗora shi layi bisa layi har ya zama abin da za a riƙe a hannu. Zaren yana naɗe a wani faifai da ke rataye a sandar ƙarfe a saman injin. Ita marigayiyar 'yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana ba, zaren yana ratsa cikinta yana juya wata 'yar taya. Aikinta ɗaya ne tak: in zare ya ƙare ko ya maƙale, tayar ta tsaya, sai ta sa injin ya dakata, ta yi kukanta, ƙit, ƙit, ƙiiit. Shekara biyu ta yi tana wannan gadi, ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba.

Da shigar bazarar bana aka fara ganin canji. Ga zare cike da faifai, amma sai ta ɗauki kuka. Abin da ya fi ƙona ran Malam shi ne, in ya kunna inji da safe ya tafi makaranta, ko tari ba ta yi. Da ya dawo, ya cire hula, ya sha ruwa ya zauna, kafin ya gama miƙe ƙafa sai ƙit, ƙit, ƙiiit. Matarsa Zakiyya ce ta raɗa mata suna Uwar Ƙorafi. Maƙwabta kuwa suka ce jininsu ne bai haɗu ba.

Malam bai yi sakaci da neman magani ba, wannan kowa shaida ne. Asali an saita marigayiyar ne in zare ya tsaya ta yi haƙurin milimita bakwai kafin ta yi kuka. Ya ƙara mata zuwa sha biyar, ta yi kuka. Ya kai talatin, ta yi kuka. Ya kai sittin, ta ɗan jinkirta kamar mai jin nauyinsa, sannan ta yi kukan. Ya auna zare da rula ya yi masa alama da biro, ya hura mata iska da baki, ya goge ta da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Ya zargi masu wuta, ya zargi masu sayar da zare, ya kalli bidiyon Turawa masu gemu har datarsa ta ƙare. Da duk wannan ya faskara, sai ya kira ta maƙaryaciya, a gaban baƙi, ba sau ɗaya ba.

Sau biyu Zakiyya ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce, "Malam, ni fa akwai abin da na lura da shi."

Sau biyu yana amsa mata ba tare da ya ɗago kai ba: "Zakiyya, wannan harkar injiniyoyi ce, ki bari kawai."

Ita kuwa mace ce mai biyayya in ta ga dama. Ta bari.

A cikin wannan hali surukarsa Hajiya Yagana ta zo daga Maiduguri ganin likita. Yatsunta sun ƙage, ba ta iya damƙe kan sandarta, har ta daina fita ko tsakar gida. Malam ya sa ta danna tafin hannunta a kwaɓin fulawa, ya auna, ya yi alkawarin zai ƙera mata mariƙi daidai hannunta kafin ta koma ranar Asabar. A nan Zakiyya ta yanke hukunci. Teburin da firinta ta mamaye na kayan ɗakinta ne, shekara biyu suna cin abinci a tabarma, kuma abin da injin ya haifa wa gidan bai wuce ƙananan jiragen ruwa da maƙalan makulli da wani kwaɗo kore ba. Ta ce in Hajiya ta shiga mota babu mariƙin nan, firinta za ta koma sito, cikin buhunan masarar da aka kawo daga Miri. Malam ya san ɓerayen siton nan, ya kuma san ba wasa take yi ba.

Aikin na awa tara ne. Ranar Laraba, da yake ana hutun makaranta, ya kunna inji tun ƙarfe bakwai, ya fita ya sayo ƙosai, ya dawo ya cire hula ya zauna. Marigayiyar ta yi kuka, ya danna ci gaba. Ta sake yi, ya sake dannawa. A na uku ransa ya ɓaci, ya kama wayarta ya fizge, 'yar mahaɗar da ke jikinta ta biyo wayar gaba ɗaya. Ya shiga allon injin ya kashe sunanta. Kalmarta ta ƙarshe rabin ƙit ce, ba ta samu ƙarasawa ba.

Falo ya yi tsit. Malam ya ji daɗi ƙwarai, wannan ma ya ce a rubuta kada a ɓoye. Ya yi azahar a ɗaki, ya ci abinci, ya miƙe a doguwar kujera ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Da la'asar ya farka ya tarar injin yana ta kai da kawowa cikin nishaɗi, a sama, a iska, tsawon yatsa guda daga wani ɗan guntun abu mai kama da cizon rogo. Awa biyar ke nan yana ɗora babu a kan babu, kuma babu mai gadin da zai ce masa tsaya. Malam yana tsaye baki buɗe Zakiyya ta fito. Ta nufi injin kai tsaye. Ta sa yatsu biyu ta ɗauke hularsa daga sandar ƙarfen da faifai ke rataye a kai. Faifan ya yi ɗan ƙara ya juya abinsa.

Tun da zafi ya shigo, a nan yake rataye hula. Gefen hular yana danne faifai, zare ya kasa tafiya, marigayiyar ta faɗi gaskiya. Wata uku tana faɗar gaskiya, ana ɗiga mata man keke.

Obadiya mai gyaran waya a Wunti, wanda yana cikin baƙin da aka zage ta a gabansu, shi ya zo ya duba ta. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, wannan ya tafi. Ba ciwo ya kashe shi ba, hannu ne." Ya ce sabuwa ba za ta iso daga Legas ba sai bayan mako biyu.

Don haka ranar Alhamis Malam ya gaji aikin marigayiyar. Ya jawo kujera ya zauna gaban injin, hula a ka, gumi yana bin kunnuwansa, idonsa a kan zare. Ba ya tashi sai ya dakatar da inji don salla. Kafin azahar wuyansa ya ƙage, ya fara fahimtar abin da 'yar abar nan ta yi shekara biyu tana yi babu mai ce mata sannu. A awa ta shida, yana riƙe da kwanon fura da hannu biyu, zare ya harɗe a faifai da gaske. Kafin ya yi tunanin inda zai ajiye kwanon, sai ya ji bakinsa ya ce ƙit, ƙit, ƙiiit.

Zakiyya ta fito da gudu da muciya a hannu, ta warware zaren, ta koma kan tuwonta. Ba ta tsaya tambayar ko gaskiya yake faɗa ba, kukan farko ta yarda da shi. A nan ne Malam ya ajiye kwanon ya yi hawaye, kuma bai ce hayaƙin roba ne ba.

Gab da magariba mariƙi ya fito. Hajiya ta damƙe shi, ta taka har bakin ƙofar gida ta dawo da ƙafarta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Firinta ta tsira daga sito, amma an mayar wa Zakiyya rabin teburinta.

Marigayiyar ta rasu ta bar firinta ɗaya da ke cikin takaba, da faifai biyu da rabi, da wayarta mai ɗauke da guntun jikinta, da kwaɗon nan kore. Akwai kuma hula, wadda har yanzu ta ƙi cewa komai.

Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, kafin motar Maiduguri ta tashi, domin Hajiya ta ce sai ta taka da sandarta ta raka ta. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa roba salla, amma bai ga inda aka hana haƙa rami ba. Za a sa ta a akwatin ashana a gindin lemon tsakar gida, inda Malam zai tsaya gaban duk wanda ya taɓa jin ya kira ta maƙaryaciya, ya janye kalmar da bakinsa. Zakiyya ta kafa ƙusa a bangon zaure. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, duk wanda zafi ya dama, ya rataye hularsa a can tun kafin ya shigo falo.